Jiniyar Kakuri za ta sake kaɗawa kuwa?

Mu 'ya'yan Kakuri ta Kaduna ba mu tashi da agogo a bango ba, jiniyar masaƙa ce agogonmu. In ta kaɗa da sassafe sai titi ya cika maƙil da kekuna, masu fitowa daga aikin dare idanu jawur, masu shiga suna ta sauri da kwanon abinci ɗaure a kariya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara 22 a sashen kaɗin zare na ɗaya daga cikin masaƙun nan. Kullum zai dawo da burbushin auduga fari fat a gira da gashin kai, har mukan tsokane shi da cewa ya tsufa a wurin aiki. Da albashin nan ya aurar da ƙannensa biyu, ya gina ɗaki uku a Makera, ya kai mu makaranta. Ranar da aka garƙame ƙofar kamfanin, da hantsi ya dawo gida, ya jingine kekensa, bai ce wa kowa uffan ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa kuɗin sallamarsa ba su fito ba.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ɗan takara a kan dandamali yana rantsuwar zai farfaɗo da masaƙun Kaduna da Kano, sai in kasa kunne fiye da kowa. Kusan kowace gwamnati tun 1999 ta yi wannan alkawari. Ina so in yarda, amma na sha romon bakan da ya ishe ni, don haka yanzu lissafi nake yi.

Abin da aka rasa ba ƙarami ba ne. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila, David Whitehead, aka buɗe masaƙar KTL. A shekarun 1960 sai Arewa Textiles ta biyo baya da jarin Japanawa, UNTL kuma da jarin mutanen Hong Kong. Kano ta cika da nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ga Funtuwa, ga Gusau. A shekarun 1980 ana ƙidaya masaƙu kusan 175 a ƙasar nan, in ka cire gwamnati da wuya ka sami wanda ya fi su ɗaukar ma'aikata. A Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago kafin duniya ta san shi. Yau waɗanda ke numfashi ba su kai 30 ba. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 da kaɗe-kaɗe da jawabai, amma ba ta koma yadda take ba.

In ka tambayi mutumin titi me ya kashe masaƙu, amsarsa ɗaya ce: 'yan Chana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 aka soke tsarin da ya ƙayyade yawan yadi da tufafin da kowace ƙasa za ta iya kaiwa manyan kasuwanni, daga nan yadin Asiya ya malale duniya. Sai dai bango ya riga ya tsage kafin ƙadangare ya zo. Tun 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, aka rusa hukumar sayen auduga. Ita ce a da take raba iri, take tantance inganci, take sa farashi. Da ta tafi, manomin Malumfashi da Gusau ya rasa iri mai kyau, ya rasa tabbacin mai saye, ya koma masara da waken suya. Naira kuma ta faɗi, sayo sabon inji ko kayan gyara daga waje ya zama jan aiki, masaƙu suka ci gaba da lallaɓa injinan da suka girme ni.

Sai babbar cutar, wuta. Baba yakan ce injin kaɗi ba ya haƙuri da NEPA. In wuta ta ƙifta sau ɗaya, zare ya tsinke a ɗaruruwan mazare lokaci guda, sai an bi an ƙulla kafin a ci gaba, abin da ya lalace kuma asara ce. Sashen rini da buga zane yana buƙatar tururi dare da rana, tukunyar tururin tana shan baƙin mai, baƙin man kuma daga matatar Kaduna yake zuwa, matatar da ta fi kwanciya a kan tashi. Kamfanin da aka kafa don ya saƙa yadi sai ya koma yana samar wa kansa wuta da janareta, yana haƙa rijiyar burtsatse, yana gyara titin ƙofarsa, kuma duk kuɗin nan a kan turmin atamfa suke sauka. Har yau ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, inda yawancin masana'antu suke, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Ka ce wa mai masaƙa ya yi gasa da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa!

Dokokinmu kuwa kamar hadarin kaka suke, ba ka sanin inda za su zuba. A 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Obasanjo ya maido da shi. Aka sake sassautawa, zuwa 2015 aka cire. A watan Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, a watan Agusta Buhari ya rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020, a Oktobar 2023 aka soke hanin dalar. A tsakani, wajen 2010, an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da yadi da ɗinki. Wasu kamfanoni sun ɗan miƙe da bashin, amma bashi ba ya kawo wuta. Mai kuɗin da zai zuba biliyoyi a injin da sai ya shekara 10 kafin ya maida uwar kuɗi, da wace doka zai yi lissafi?

Bara na shiga Kantin Kwari haɗa lefen ƙanena. Na tambayi wani dattijo da muke saye a wurinsa tun mahaifiyarmu na zuwa da kanta, na ce, "Alhaji, wacce ce 'yar gida a nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, daga nan har rufi kwantena ce ta kawo. Ka kawo mini 'yar gida mai wannan farashin, gobe in cika shagon da ita." Ban ga laifinsa ba. Alhazan Kwari da kansu suke ɗaukar zane su kai ƙasar Sin a buga musu, wani lokaci har da tambarin masaƙun gida a gefen yadin. Shekarun da aka haramta ma kayan ba su daina zuwa ba, sai dai su sauka Kwatano, su bi ta Nijar, su shigo ta Jibiya ko Illela. Kuma a tuna, Kwari ma dubban gidaje take ciyarwa. Shugaban da zai rufe hanya ba tare da yadin gida mai araha ya samu ba, talakan da zai yi wa 'ya'yansa ɗinkin salla ne zai ji a jikinsa.

To, shi ke nan an yanke ƙauna? Siminti ya hana ni cewa haka. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Apapa, abin kunyar da duniya ta yi mana dariya a kai. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta ce ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a gida. A lokacin abin da muke yi bai wuce tan miliyan biyu a shekara ba. Yau Obajana a Kogi da Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe da sauransu suna da ƙarfin yin sama da tan miliyan 50, har ana kaiwa maƙwabta. Ga babbar masana'anta ta dawo gida a idonmu.

Amma a duba dalili. Siminti nauyi gare shi, buhu ɗaya kilo 50, ba wanda zai yi fasa-ƙwaurinsa a bayan babur ya ci riba. Dutsen da ake yin sa da shi a ƙarƙashin ƙafarmu yake. Kamfanonin sun gina tashoshin wutarsu, ba ruwansu da layin gwamnati. Uwa uba, shugabannin da suka biyo baya ba su rushe tsarin ba. Atamfa ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan gata. Kuma ko simintin ba kyauta muka samu ba: kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar, duk wanda ya sa harsashin gini a 'yan shekarun nan ya san yadda farashin buhu yake cizo. Kariyar da ake ba masana'anta daga aljihun mai saye take fitowa, wajibi ne a riƙa tambayar har yaushe, kuma me aka samu a madadi.

Wannan mafarki ba mu kaɗai muke yin sa ba. Amurka tana da ma'aikatan masana'antu miliyan 19 da rabi a 1979, suka ragu zuwa miliyan 11 da rabi a 2010, har yau suna yawo a wajen miliyan 13, duk da Obama da Trump da Biden kowa ya yi nasa yunƙurin. A 2017 aka sanar cewa kamfanin Foxconn, mai haɗa wayoyin iPhone, zai zuba dala biliyan 10 a jihar Wisconsin ya ɗauki mutum 13,000. Trump da kansa ya je ya riƙe shebur a bikin fara ginin a 2018. A 2021 aka sake yarjejeniyar: dala miliyan 672, ma'aikata 1,454. Can akwai wuta, akwai titi, akwai kuɗi, amma shebur ɗin shugaban ƙasa bai tilasta wa kasuwa komai ba.

Akwai wata magana mai ɗaci da ya kamata 'yan Kakuri mu haɗiye. Ko masaƙa ta dawo, kekunan nan ba za su dawo ba. Injin kaɗi na zamani shi yake ƙulla zarensa in ya tsinke, zauren da a da mutum ɗari ke tsaye a ciki yanzu ƙalilan ne ke zagayawa. Inda hannu yake da yawa shi ne ɗinki. Bangaladash kusan duk audugarta sayowa take yi daga waje, amma tana da mutum wajen miliyan huɗu, yawancinsu mata, a kamfanonin ɗinka tufafi. Kusa da mu ma, Jamhuriyar Benin ta keɓe fili a Glo-Djigbé, ta kai wuta da ruwa da titi wuri guda, ana sarrafa audugarta ana fitar da riguna zuwa ƙetare. Ƙasar da muke zargi da zama ƙofar fasa-ƙwauri ke nan. Mu da muke da teloli a kowane lungu, da sojoji da 'yan sanda da 'yan makaranta masu sa kayan sarki miliyoyi, ba mu da uzuri.

Wannan ya kawo ni ga shugabanni. Muna da ɗabi'ar auna shugaba da almakashi, wato wanda ya yanka ƙyalle shi ya yi aiki. Matatar Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana an sanar da ita a 2013 zamanin Jonathan, Buhari ya buɗe ta a watan Mayun 2023 ana saura mako guda ya sauka, fetur ɗinta bai shiga kasuwa ba sai Satumbar 2024 zamanin Tinubu. Wa za a yaba wa? Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuma tun 1979 aka ba Rashawa kwangilarta, shugabanni nawa suka je suka ɗauki hoto, har yau babban tanderunta bai narka ƙarfe ba. Wa za a zarga? Masana'anta ta fi wa'adin shekara huɗu tsawon rai, mai shuka daban, mai girbi daban, shi ya sa 'yan siyasa suka fi son abin da za a gani kafin zaɓe.

Ni dai ma'aunina turmin atamfa ne. Ranar da shugaba ya hau, nawa ake kashewa a yi turmi ɗaya a Sharaɗa, ranar da zai sauka kuma nawa? A cikin wannan tambayar akwai wuta, akwai darajar naira, akwai kuɗin ruwan banki, akwai kwastan, akwai manomin audugar Zamfara da 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Da wannan ma'aunin zan ba Obasanjo makinsa a siminti, in hana shi a yadi, don a hannunsa KTL ta mutu. Buhari na yarda yana da niyya, kuma shi ya ƙaddamar da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020, aikin da a ganina ya fi duk wani asusun tallafi amfani ga masana'antun Arewa. Amma ya sauka gas bai iso ba, rufe iyakarsa kuma bai buɗe ƙofar Kakuri ba. Tinubu ya saki naira, yadin waje ya yi tsada, wanda a takarda taimako ne ga mai saƙa a gida, sai dai sinadarin rini da kayan gyara da wuta duk sun tashi tare. Nasa alƙalamin bai bushe ba tukuna.

Zaɓe na tafe, za su sake zuwa Kaduna da Kano da wannan alkawari. Ɗan'uwa, in ka sami bakin magana a taron, kada ka tambaye shi ko zai farfaɗo da masaƙu, zai ce e. Tambaye shi nawa zai sayar wa mai masaƙa yunit ɗin wuta, da wane wata gas zai iso Chalawa.