Zohra Sehgal: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya, ko a Kano yake ko a Damagaram, ya san wata fuska: tsohuwa mai furfura, fatar fuska duk tamoji, ido kuwa yana ƙyalli kamar na yarinyar da ta shirya tsokana. Ba ita ce jarumar fim ba, ba a kuma manna hotonta a jikin fasta. Sau da yawa mai kallo bai ma san sunanta ba, sai dai ya ce "kakar nan ta Sharukan." Sunanta Zohra Sehgal, kuma ta shafe shekara fiye da 70 tana tsayawa gaban 'yan kallo.

A sana'ar wasan kwaikwayo akwai taurari, waɗanda ake gina labari a kansu, akwai kuma masu fitowa a uwa, kaka, uwar miji, mai gidan haya ko maƙwabciya mai ɗan karen surutu. Waɗannan na biyun su ne gishirin miya. Ba a ganinsu a saman kwano, amma ranar da babu su kowa zai ji lami. Masu kallon finafinan Hausa sun san irin gurbin da marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, ta bari da ta rasu a 2024. Rayuwar Zohra Sehgal ta nuna yadda ake gina irin wannan gwaninta, da dalilin da ya sa takan fi tauraranci tsawon rai.

Daga rawa aka fara

An haife ta ranar 27 ga Afrilu, 1912, a garin Saharanpur da ke arewacin Indiya, a gidan Musulmi masu asali da masarautar Rampur. Tun tana jaririya ciwo ya cinye ganin idonta na hagu. Ta yi karatu a kwalejin Queen Mary da ke Lahore, makarantar 'ya'yan manya inda ake tsare 'yan mata cikin kulle. Da ta gama, maimakon ta zauna jiran miji kamar sauran sa'o'inta, sai ta bi kawunta a mota suka ratsa Iran har Masar, daga nan ta shiga jirgin ruwa zuwa Turai.

A birnin Dresden na Jamus ta shiga makarantar Mary Wigman, wata gwanar rawar zamani, ta yi shekara 3. Abin da ake koyarwa a can shi ne yadda jiki zai faɗi magana ba tare da baki ya buɗe ba: fushi a kafaɗa, tsoro a tafin hannu, farin ciki a taku. A 1935 ta shiga ƙungiyar rawa ta Uday Shankar, yayan shahararren makaɗin nan Ravi Shankar, suka zaga Japan da Masar da Turai da Amurka. Daga baya ta koyar a cibiyar da ya kafa a Almora, a gindin tsaunukan Himalaya. A nan ta haɗu da Kameshwar Sehgal, suka yi aure a 1942, duk da cewa dangi sun nuna ƙin yarda da farko saboda bambancin addini.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kalli Zohra tana da shekara 90, ya ga yadda take karkata wuya ko ɗaga gira ɗaya ta sa jama'a dariya, horon Dresden da Almora yake gani.

Shekara 14 a dandamali

Ma'auratan sun buɗe makarantar rawa a Lahore, amma da tarzomar da ta gabaci raba Indiya da Pakistan ta fara ruruwa, sai suka koma Bombay. A 1945 Zohra ta shiga Prithvi Theatres, ƙungiyar wasan dandamali da Prithviraj Kapoor ya kafa shekara guda kafin nan, inda ƙanwarta Uzra take cikin manyan 'yan wasa. Ta yi shekara 14 tare da su, suna yawo gari gari a faɗin Indiya.

Dandamali makaranta ce mai tsauri. Babu darakta da zai ce a tsaya a sake. Dole murya ta kai ga wanda ke zaune a layin ƙarshe, dole kuma a maimaita wasa ɗaya sau ɗaruruwa ba tare da ya yi sanyi ba. A nan ne ɗan wasa ke koyon auna lokaci: yaushe zai yi shiru, yaushe zai saki magana, daƙiƙa nawa zai bar wa dariyar jama'a kafin ya ci gaba.

A cikin waɗannan shekarun ta leƙa fim. A 1946 ta fito a Dharti Ke Lal na Khwaja Ahmad Abbas, wanda ya ba da labarin yunwar da ta hallaka jama'a a Bengal, da kuma Neecha Nagar na Chetan Anand, wanda ya samu babbar lambar yabo a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Ta kuma tsara rawa a finafinai irin su Baazi na Guru Dutt a 1951. Sai dai masana'antar Bombay ta wancan zamani tana da irin fuskar da take so ga jaruma, kuma ta Zohra ba ta cikinsu. Ba ta zama tauraruwa ba.

Landan da akwatin talabijin

Mijinta ya rasu a 1959, ya bar ta da 'ya'ya 2. A 1962, tana da shekara 50, ta samu tallafin karatun wasan kwaikwayo ta tafi Landan. Shekarun da wasu ke tunanin ajiye aiki, a nan ta koma farko. A talabijin ɗin Ingila na lokacin, matsayin da ake ba mace 'yar Indiya bai wuce na baiwa, mai reno ko baƙuwa da ke tsaye a bayan manyan 'yan wasa ba. Ta karɓi abin da ya samu, har da ɗan fitowar da ta yi a shirin Doctor Who na BBC a 1964 da 1965, tana haɗawa da wasu ƙananan ayyuka don ciyar da gida.

Kyamara kuwa ba dandamali ba ce. Abin da ake yi da dukan hannu a gaban taro, a gaban kyamara da fatar ido ake yinsa, don kuwa tana kama ko da motsin leɓe. 'Yan wasan dandamali da yawa sukan kasa rage kansu. Zohra ta iya.

Mahaƙurci mawadaci. A 1984 aka nuna The Jewel in the Crown, shiri mai kashi 14 da aka ɗauko daga littattafan Paul Scott kan ƙarshen mulkin Ingila a Indiya. Zohra ta fito a Lady Chatterjee, dattijuwa mai ilimi da kaifin harshe, wadda ke zama da Turawa kafaɗa da kafaɗa. Tana da shekara 70 da ɗoriya sannan Ingila ta san sunanta. Daga nan ƙofa ta buɗe: shirin barkwanci na Tandoori Nights a tashar Channel 4, kan gidajen abincin Indiyawa biyu masu gaba da juna a Landan, sai fim ɗin Bhaji on the Beach na Gurinder Chadha a 1993, inda ta fito a tsohuwa mai ganin 'yan matan zamani duk sun lalace. A shekarar ce kuma ita da Uzra, wadda ta daɗe da komawa Pakistan, suka hau dandamali tare a Lahore cikin wasan Ek Thi Nani, labarin 'yan'uwa mata biyu da rabuwar ƙasa ta raba.

Kakar kowa

Da ta koma Indiya a shekarun 1990, masana'antar da ba ta ga jaruma a fuskarta ba sai ta ga kaka. Mani Ratnam ya sa ta a Dil Se a 1998, Sanjay Leela Bhansali ya sa ta a Hum Dil De Chuke Sanam a 1999. Kakar finafinan Indiya da aka saba gani mai kuka ce da addu'a. Ta Zohra mai tsokana ce, mai ɗaure wa jikoki gindi, irin kakar da Bahaushe ya sani a wasan kaka da jika.

Veer-Zaara na Yash Chopra, wanda ya fito a 2004, ya fi kowanne nuna nauyin ƙaramin matsayi. Zohra ta fito a Bebe, tsohuwa mabiyar addinin Sikh da ta reni Zaara a Pakistan. Mintocinta a fim ɗin kaɗan ne, amma wasiyyar da ta bari, cewa a kai tokarta Indiya, ita ce ta sa Zaara ta tsallaka iyaka har ta haɗu da Veer. Da mai kallo bai yarda da ƙaunar da ke tsakanin tsohuwar da yarinyar ba, da dukan tafiyar ba ta da dalili. A 2007 kuma, tana da shekara 95, ta fito a uwar Amitabh Bachchan a Cheeni Kum, tana yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro. An haifi Bachchan a 1942, shekarar da ta yi aure.

Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Shri a 1998, sannan Padma Vibhushan a 2010, wadda ita ce ta biyu a daraja cikin lambobin farar hula na ƙasar. Ta rasu a Delhi ranar 10 ga Yuli, 2014, tana da shekara 102.

Jarin tauraruwa ƙuruciya ce, kowace shekara kuma raguwa yake yi. Jarin mai fitowa a uwa da kaka shi ne abin da ta gani, ta ji, ta koya, shi kuwa ƙaruwa yake. A fim ɗin Saawariya na 2007, Zohra ta fito a tsohuwa mai gidan haya da ta ba wani saurayi masauki. Saurayin shi ne Ranbir Kapoor, a fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi. Kakan mahaifinsa shi ne Prithviraj Kapoor, mutumin da ya ɗauke ta aiki shekara 62 kafin nan.