Rubutun "4K" a jikin kwali ba shi ne inganci ba: gwajin kyamarori biyu a Greensboro

Tun da muka ɗora bidiyon makon jiya, tambaya guda ce ke ta dawowa: "Malam, wace kyamarar bidiyo zan sayo a Amurka in aika wa ƙanena gida ya fara ɗaukar biki?" Tambayar ta dace da mu, domin a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, akwai 'yan uwa da dama daga Nijar da Najeriya, kuma kuɗin da za a kashe gumin mutum ne. Shi ya sa na haɗa Sony FDR-AX43, wadda ta fito a 2020, da wata mai araha marar sanannen suna, irin waɗanda ake sayarwa a intanet ƙasa da dala 100. Dukansu an buga musu 4K.

Na fara da rana a filin shaƙatawa na LeBauer, inda ƙatuwar ragar nan mai launuka ta Janet Echelman ke rataye a sama. Zare siriri irin wannan shi ke tona asirin kyamara. A hoton Sony kana iya bin igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. A na mai arahar kuwa sai suka cakuɗe kamar an shafa man shanu a gilashi. Fayil ɗin dai fiksel 3840 ne a faɗi, 2160 a tsayi, amma ƙaramin hoto ne aka buɗa shi da ƙarfi.

Daga nan na gangara titin Elm zuwa tsohon kantin Woolworth, inda ɗalibai huɗu na A&T suka yi zaman nuna adawa da wariyar launin fata ranar 1 ga Fabrairu, 1960, wanda yanzu gidan tarihi ne. Na ɗauka ina tafe, sannan na ja zum daga tsallaken titi. AX43 tana da zum na gilashi har ninki 20, kuma gilashin da sensar suna lilo tare a cikinta don shanye girgizar hannu. A nan ne ma ta fi wayoyi da yawa. Ɗayar zum ɗinta na yankan hoto ne kawai, kana ja yana dagulewa.

Gwaji na uku shi ne namu na gida: baƙar fata cikin farar shadda. Kyamara idan ka bar ta ta zaɓi haske da kanta, ko dai ta ƙona rigar har aikin wuya ya ɓace, ko ta tsare rigar fuska ta yi duhu. Dabarar ita ce ka saita hasken da hannu a kan fuska, ka juya mutum ya fuskanci inda haske yake. Da dare kuma kar ka sa ran abin mamaki. Sensar irin waɗannan kyamarori ƙarama ce, ta AX43 nau'in 1/2.5 ce, don haka idan haske ya yi ƙasa sai ɗigo-ɗigo ya bayyana. Ƙaramar fitilar LED za ta fi amfanar ka fiye da kowane saiti.

To ga abin da masu aikawa gida suka fi mantawa. Wutar lantarkin Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Kano da Maradi sau 50. Kyamarar kasuwar Amurka tana ɗaukar firam 30 ko 60, ta kasuwar Turai 25 ko 50. Idan ta Amurka ta shiga ɗakin taro a Zariya ƙarƙashin wasu fitilun, hoto zai iya riƙa ƙiftawa ko ka ga layuka suna yawo. Amarya ba za ta yafe wannan ba. Maganin shi ne a kulle saurin shata a 1/100, ko kuma tun farko a nemi samfurin Turai.

Sai maganar kati. A saiti mafi girma AX43 tana rubuta megabit 100 a daƙiƙa, wato kusan gigabait 45 a awa ɗaya, kuma sai katin da ke da alamar U3. Ka sa wannan a lissafi, da batir na biyu.

Shawarata: idan kuɗinka bai kai ba, gara ƙaninka ya fara da waya mai kyau da fitila da makirufo a kan ya karɓi aikin mutane da 4K na ƙarya. Kafin ka biya kuma, nemi ainihin fayil ɗin gwaji ka buɗe a babban allo, domin ƙaramin allon kyamara komai kyau yake nunawa. Hotunan da na ɗauka suna cikin bidiyon tasharmu, ku kalla a 2160 ku faɗa mana abin da idonku ya gani.