Abin da Tsutsa Ta Ci, Shi Kazarki Za Ta Ci

Duk mai kiwon kaji a cikin gida ta san yadda abincinsu ke cin kuɗi, shi ya sa yau za mu yi bayani kan tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kira ƙudan soja. Dogo ne, kamar zanzaro, amma ba ya harbi, kuma bai damu da sauka a kan tuwonmu kamar ƙudan gida ba. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta koya wa manoma kiwon tsutsarsa don ciyar da kaji da kifi. Kusan dai yadda iyayenmu ke haɗa wa gara tarko su ba 'yan tsaki.

To, 'yar uwa, ingancin tsutsar yana ga abin da kika zuba mata. In ta samu abinci mai kyau, cikin mako 2 zuwa 3 ta ƙosa, kuma in an busar da ita, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne. Amma in kashin shanu zalla kika ba ta, sai ta yi ta jan ƙafa, ta fito ƙanana, domin ba ta iya narkar da harza sosai. Ɓawon kankana da ruɓaɓɓen tumatir kaɗai kuwa, ruwa ya yi musu yawa. Ragowar abinci mai maiƙo yana sa ta tara kitse, kayan cikin kifi kuma su ba ta irin man kifin nan mai amfani.

Saboda haka a haɗa: dusa, dusar awara, ƙanzo, ragowar tuwo da ɓawon kayan marmari. A daddatsa su ƙanana. Ki damƙa a hannu, ki ji danshi amma kada ruwa ya riƙa tsiyaya. A ajiye robar a inuwa.

Don Allah a kiyaye sharar da ta taɓa maganin ƙwari ko tsohon batir, domin tsutsar na tara wasu gubobin a jikinta, su bi kaza, su iso ga yaranmu.

Ki kwashe ta kafin ta yi baƙi, ki zuba mata tafasasshen ruwa, ki shanya, sannan ki gauraya da tsaki da dusa. Allah ya sa albarka a kiwo. Sai wani makon in Allah ya kai mu.