Koyon Buga Rubutu Ya Zama Jari Ga 'Ya'yan 'Yan Kasuwar Asata

Inugu – A unguwar Asata, mazaunin Hausawa 'yan kasuwa a birnin Inugu, koyon buga rubutu da kwamfuta ya shiga lissafin kowane magidanci mai ɗa a makaranta.

Tun a 1988 Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar koyar da kwamfuta a makarantu, amma ƙarancin na'urori da na wutar lantarki suka hana ta kankama. Al'amarin ya sauya a 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. A 2024 kuma hukumar WAEC ta fara haka ga masu zana jarrabawa na ƙashin kansu.

Ɗalibin da hannunsa bai saba da maɓallai ba yakan ɓata lokaci wajen lalube, ko da ya san amsa. In ya faɗi, kuɗin rajista da shekara guda sun salwanta.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa a Asata, ko Onica, ko Fatakwal ya biya kuɗin makaranta, ya kamata ya binciki kwamfuta nawa ke aiki, da kuma sa'o'in da yaro ke yi a gabanta kowane mako.