Daga Kumasi zuwa Pari: abin da ya sa Jean Rouch ya koma ga labarin "Jaguar"

A shekara ta 1954 samari uku suka tashi daga kasuwar Ayoru, bakin kogin Isa, suka nufi Kudu cin rani. Su ne Damure Zika, ɗan Sarkawa mai ilimin boko, da Lam Ibrahim Dia, Bafillace makiyayi, da Illo Gaudel, masunci. Bafaranshen nan Jean Rouch yana biye da su da na'urar ɗaukar hoto. Shi dai ya fara zuwa Nijar ne a 1941, yana injiniyan hanyoyi, a nan kuwa ya san Damure. Suka ratsa Dahome da Togo har suka shiga ƙasar da ta zama Gana a 1957. Damure ya sami aiki wurin masu katako a Ankara, Illo ya yi dako a tashar jiragen ruwa, Lam kuwa ya zarce Kumasi. A kasuwar Kumasi suka kafa tebur na ƴan koli, suka raɗa masa suna da wani karin maganar Faransanci mai cewa sannu-sannu tsuntsu ke gina sheƙarsa, sai dai su don ba'a suka mai da sheƙar hula. Wannan tafiya ita ce fim ɗin "Jaguar", sunan wata mota ta ƙasar Ingila, wanda a bakin samarin Ankara na lokacin ya zama sunan ɗan gaye.

Labarin ya ƙare lafiya lau: matafiya sun komo gida da tsaraba, sun rabar da ita, kowa ya koma sana'arsa. To, me ya sa Rouch ya sake tara mutanen nan a ƙarshen shekarun 1960, ya yi "Petit à petit", wato "Sannu-sannu", wanda aka fara nunawa a farkon shekarun 1970?

Galibi in aka ga mai fasaha ya koma ga tsohon labarinsa, akan ce kuɗi ya gani. A nan zancen bai zauna ba, domin "Jaguar" ya yi shekara goma sha biyu da ɗoriya a ajiye, sai 1967 ya fito, kuma irin waɗannan finafinai ba su ne ke cika gidajen silima ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, mutanen cikin labarin rayayyu ne, ba na tatsuniya ba. Sun girma, ƙasarsu ta sami mulkin kai a 1960, gine-gine suna tashi a Yamai. Saboda haka a fim na biyu teburin Kumasi ya zama babban kamfanin shigo da kaya da fitar da su a Ayoru, Damure ne shugaba. Da ya ji za a gina bene mai tsawo a Yamai, sai ya ce shi ma sai ya gina nasa, ya hau jirgin sama zuwa Pari don ya ga yadda ake zama a gida bisa gida.

Kayan aiki ma sun sāke. Na'urar da aka yi "Jaguar" da ita wani ake yi mata kamar agogo, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Duk hirar da ake ji a fim ɗin, daga baya Damure da Lam suka zauna suna kallon hotunansu suna yin ta. Lokacin fim na biyu an riga an sami na'urar da ke tafiya tare da murya, Damure yana iya tare mutum a titi ya yi masa tambaya, a ji amsa nan take.

Wannan kuwa shi ya buɗe ƙofar babban dalili, wato bashi. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya faɗa wa Rouch baki da baki cewa Turawa masu binciken al'adu suna kallon ƴan Afirka ne kamar yadda ake kallon ƙwari. Magana ce mai zafi, kuma ba a rasa gaskiya cikinta ba, domin an daɗe ana auna kawunan baƙar fata ana rubutawa a littafi. A "Petit à petit" sai reshe ya juye da mujiya. Ga Damure a dandalin Trocadero da abin awo a hannu, yana tsai da mutanen Pari da ladabi, yana auna kansu, yana roƙonsu su buɗe baki ya duba haƙora. Yana rubuto wa abokansa wasiƙu game da al'adun wannan baƙuwar ƙabila, har suka zaci ya taɓu, suka aika Lam ya dubo shi. Mai kallo yana dariya, amma Bature mai kallo ya san da wa ake. Wannan ramuwa ba ta yiwuwa da sababbin fuskoki. Sai da waɗanda aka riga aka bi da na'ura har Kumasi, su kuma yanzu su riƙe abin awon.

A Pari suka haɗu da Safi Faye, ƴar Senegal, wadda daga baya ta zama mai shirya finafinai da kanta. An gina benen a Ayoru, amma bai kawo kwanciyar rai ba. Baƙin da suka zo da su daga Faransa suka watse ɗaya bayan ɗaya, Damure da Lam suka bar kamfani, suka koma bukka a bakin kogi.

Daga nan tafiyar ba ta tsaya ba. Da Tallu Muzuran, wanda ya shigo cikin ayarin, suka yi "Cocorico! Monsieur Poulet" a 1974, labarin fataken kaji da wata tsohuwar mota Citroën da suke ƙetarar da ita kogi. A farkon shekarun 1990 kuma suka yi "Madame l'Eau", inda fari ya kai su Holan neman dabarar ɗaga ruwa da iska. Rouch ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Damure Zika ya bi shi a 2009.