Ihu Ma Yana Cin Ƙwallo

Ranar 8 ga Oktoba, 1988, a garin Baton Rouge na ƙasar Amurka, ƙungiyar ƙwallon jami'ar jihar Luwiziyana, wadda aka fi sani da LSU, ta karɓi baƙuncin takwararta ta Auburn. Saura ƙasa da minti biyu a tashi, baƙi na gaba da maki 6 da nema, sai masu gida suka ci maki 7 a hari guda, aka tashi 7 da 6. Mutum kusan 79,000 suka miƙe lokaci guda, suna tsalle suna kururuwa. Daga baya malaman sashen nazarin ƙasa na jami'ar suka duba na'urarsu ta auna girgizar ƙasa, wadda ke wani gini mai nisan kimanin mita 300 daga filin, suka tarar ta zana alamar motsi daidai lokacin da aka ci. Har yau da sunan girgizar ƙasa ake tuna wasan.

Filayen Kalgo da Gwandu ba su tara jama'ar da za ta motsa irin wannan na'ura. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili a ɗayan garuruwan nan bayan sallar la'asar ya san ihu ba ya buƙatar dubu saba'in da tara kafin ya yi aiki. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta fara zama a Kalgo, ta kuma kafa matsuguninta na dindindin a Unguwar Jeji, garin ya samu sabon nau'in 'yan kallo: ɗalibai daga jihohi daban-daban, kowa da salon goyon bayan da ya taso da shi. A Gwandu kuwa, da garuruwanta irin su Dalijan da Kambaza, wasan makarantun sakandare da na ƙungiyoyin unguwa ne ke tara mutane. Galibin filayen babu kujeru, babu shinge. Layin da aka zana da toka ko farar ƙasa shi kaɗai ne ya raba mai wasa da mai kallo. Yara na kan katanga da rassan bishiya, wasu na dukan jarka, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu a bayan raga, da zarar ƙwallo ta shiga sai oda ta kaure, ƙura ta tashi, rabin jama'a ta kwararo cikin fili. Alƙalin wasa kan ɓata minti biyu ko uku yana roƙon a koma baya, ga rana tana faɗuwa, kowa na son a gama kafin kiran magariba.

Shin wannan hayaniya na sauya sakamakon wasa, ko kuwa maƙogwaro kawai ake wahalarwa? A ƙwallon jami'o'in Amurka amsar a fili take, domin tsarin wasan ne ya ba ihu ƙofa. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce. Da hannu ake ɗaukarta, ta fi kusa da zari-ruga, kuma ana tsayawa bayan kowane hari a sake jeruwa. Kafin a motsa, jagoran masu kai hari ne ke faɗa wa abokansa da baki dabarar da za a bi da lokacin da za a zabura. In ba su ji shi ba, wani ya riga motsawa, sai a ci tararsu, a mayar da su baya yadi biyar. Saboda haka 'yan kallo sun koyi aikinsu: in ƙwallo na hannun baƙi a cika fili da ƙara, in ta dawo hannun masu gida a yi tsit. Filin jami'ar Michigan na ɗaukar mutum 107,601, ya ninka babban filin Abuja kusan sau biyu, amma wannan taro kan rage murya don mutum ɗaya ya yi magana da abokansa goma. A 2019 ita kanta Michigan ta ɗanɗana kuɗarta a gidan Penn State, inda ƙara ta tilasta mata neman hutun shawara tun kafin ta buga harinta na farko. Shi ya sa ƙungiyoyi kan kunna manyan lasifikoki a wurin atisaye, su kuma koyi fara hari da tafi ko ɗaga ƙafa maimakon murya.

A ƙwallon ƙafa ba a jiran umarnin baki kafin a motsa, don haka ihu ya fi sauka a kan mutum ɗaya, mai usur. A 2002 Alan Nevill da abokan aikinsa a Ingila suka wallafa wani gwaji da suka yi da ƙwararrun alƙalan wasa 40. An nuna musu bidiyon karawar Liverpool da Leicester, wasu da ƙarar 'yan kallo, wasu babu sauti. Waɗanda suka kalla da ƙara sun hura wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kashi 15.5 cikin ɗari. Babu wanda ya ba su ko sisi, babu wanda ya yi musu barazana, a ɗaki suke zaune. Kunne ne kawai ya rinjayi ido. Annobar korona ta maimaita gwajin a fili: da gasar Jamus ta dawo a watan Mayun 2020 babu 'yan kallo, nasarar masu gida ta ragu a makonnin farko, haka ma bambancin katin gargaɗi tsakanin baƙi da masu masauki ya ragu a gasanni da dama.

To in ƙara daga lasifika na iya karkata ƙwararren alƙali a Ingila, ina ga malamin motsa jiki da aka roƙa ya hura wasan ƙarshe tsakanin unguwanni biyu, mai riƙe masa tuta yana gudu yana ture gwiwoyin mutane, ana kiran sunansa da na mahaifinsa daga bayansa? Ya san bayan an tashi ta cikin wannan taro zai tura babur ɗinsa. Sau da yawa abin da ake kira son kai a irin waɗannan filaye tsoro ne zalla. Masu ihun "ɓarawo! an saye shi!" su ne suka saye shi, ba da kuɗi ba.

Manyan ƙungiyoyin Arewa sun ci moriyar wannan, sun kuma biya kuɗinsa. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Babu mai musun cewa cikar filin Sani Abacha na cikin sirrin wannan tarihi. Amma a watan Afrilun 2022, bayan hargitsin da aka yi a wasanta da Katsina United, inda aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta ci ta tarar Naira miliyan 9, ta zaftare mata maki uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa. Makonni kaɗan kafin wannan, ranar 29 ga Maris, 'yan kallo suka afka filin Moshood Abiola na Abuja bayan kunnen doki 1 da 1 da Ghana ya hana Nijeriya zuwa gasar cin kofin duniya. FIFA ta ci Nijeriya tarar kuɗin Suwizalan 150,000, da buga wasa ɗaya babu 'yan kallo.

Ɗaliban Amurka ma ba waliyyai ba ne. A 2021 magoya bayan jami'ar Tennessee suka yi ruwan robobin ruwa a fili, har da ƙwallon golf da aka jefi kocin baƙi da ita, wasa ya tsaya kusan minti 20, aka ci jami'ar tarar dala 250,000. Shekara guda bayan haka suka doke Alabama 52 da 49, murna ta sa suka tumɓuke ƙarafan raga suka kai kogi suka jefa, aka sake cin ta dala 100,000. Abin lura shi ne wanda ke biya. Ba a tsayawa neman wane ne ya fara jifa, makarantar ake kamawa, ita kuma ta koma ta bi hotunan bidiyo ta hana masu laifin shiga fili.

Inda suka fi burgewa shi ne yadda suka ba hayaniya shugabanci. A jami'ar Texas A&M ɗalibai na zaɓen mutum biyar kowace shekara, aikinsu kawai jagorantar ihu. Sanye da fararen kaya suke tsayawa gaban jama'a, su ba da alama da hannu, dubban mutane su amsa da murya ɗaya. Daren jajibirin wasan gida har atisayen ihu ake yi da tsakar dare a cikin filin, kuma ɗalibai a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, al'adar da suke dangantawa da wani ɗalibi, E. King Gill, wanda aka kira daga cikin 'yan kallo a 1922 ya sa kayan wasa ya tsaya ko za a buƙace shi. A Mississippi State kuwa ƙararrawar wuyan shanu suke kaɗawa. Hukumar gasarsu ta haramta ta a 1974, suka ci gaba da shigo da ita a ɓoye, sai a 2010 aka sasanta: a kaɗa, amma a lokutan da aka ƙayyade, in an saɓa makaranta ta biya. Shekara 36 na hani bai yi abin da yarjejeniyar ta yi ba.

Mutumin Kabi ba baƙo ba ne ga wannan hikima. A fagen kokawa da dambe, waɗanda suka riga ƙwallo zuwa ƙasar Gwandu da nisa, hayaniya na da mai ita. Makaɗi na da wurin zamansa, kowane ɗan wasa na da takensa, in an kaɗa masa ya fito ya yi kirari, jama'a su amsa. Marigayi Ɗan Anace ya yi suna ne da wannan aiki na zuga 'yan dambe irin su Shago. Ba a ce ba a rigima a gidan dambe ba, ana yi. Sai dai akwai manyan fage da kowa ya sani, akwai masu rabawa, kuma in kalangu ya yi shiru kowa ya gane an dakata. Ƙungiyar magoya bayan Super Eagles, da kakaki da gangunanta, a kan wannan turba take: sauti mai tsari da ba ya yankewa ko an ci ko an sha kashi. Abin da filin makaranta ya rasa ke nan. Akwai masu murya, babu mai ba da amshi, don haka wanda ya fi kowa zafin kai shi ke zama jagora, kuma daga ba'a ake gangarawa zuwa zagin iyaye, daga nan a taɓo gari ko ƙabila. A wurin da ɗalibi baƙo da ɗan gari ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kamar Kalgo, wannan gangara gajeriya ce.

Akwai kuma batun kunne, wanda ba a cika kula da shi ba. Da ma'aunin desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum na kusan 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce a 85 mutum na iya jure awa takwas, a 100 kuwa minti 15 ne kawai kafin a fara taɓa ji. An auna 133.6 a filin jami'ar Washington a 1992, aka kuma auna 142.2 a filin ƙwararru na Kansas City a 2014. Bututun vuvuzela da ya cika gasar duniya ta 2010 na iya kaiwa 127 a kusa, kuma hukumar ƙwallon Turai ta hana shi a wasanninta a shekarar. Fili marar rufi na barin sauti ya watse, amma yaron da ake busa wa bututu ko odar babur a gefen kunne bai amfana da wannan ba. Ƙarar da kunne kan yi bayan an dawo gida alama ce ta an wuce iyaka.

Mafi munin abin da taro kan haifar ba daga ihun yake zuwa ba, daga yadda ake tarbarsa ne. A Accra, ranar 9 ga Mayu, 2001, magoya baya suka fara jifa a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe, aka rasa rai 126. An maimaita kusan haka a Malang ta Indonesiya a 2022, mutum 135 suka mutu. Filin makaranta mai katanga da ƙofa ɗaya, wadda ake rufewa don karɓar kuɗin shiga, ƙaramin samfurin wannan tarko ne.

Gyaran da ƙananan filaye ke buƙata bai kai kuɗin kofin da ake rabawa ba. Igiya da turaku, taku uku ko huɗu daga layi, na ba mai tuta hanyar gudu, su kuma sa hannu ya kasa kaiwa inda murya ta kai. Alƙali daga wani gari, ko daga Jega ko Birnin Kebbi, wanda aka biya haƙƙinsa kafin a take wasa aka kuma tanadar masa masu raka shi, ya fi ɗan unguwa sakin jiki. Fara wasa a kan lokaci na kawar da rigimar duhu, domin bugun fenareti da ake yi ana lalube bayan faɗuwar rana ya sha raba zumunci. Jami'a kuwa na da abin da kwamitin kofin unguwa ba shi da shi: kowane ɗalibi na da lamba da sashe da shugaban sashe, kuma ƙungiyar ɗalibai da ke zaɓen daraktan wasanni na iya zaɓen masu jan amshi. Wasannin jami'o'in Nijeriya na NUGA sun faro tun 1966 a Ibadan, gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL ta zo a 2018, ga makarantu a Aliero da Argungu da Birnin Kebbi da za su riƙa ziyartar juna. Ƙungiyar da za ta zo Kalgo daga nesa za ta fara tambayar ko akwai shinge, da kuma ta wace ƙofa motarta za ta fita in ta yi nasara.