Yadda Ake Duba Ƙarfen Cikin Ƙashi Da Sauti

Idan karaya ta fi ƙarfin maɗori, likita kan tsaga wurin ya ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya yi suna a wannan aiki. To, bayan an ɗinke, ƙaƙa za a san ko ƙashin na haɗuwa, ko kuwa mugunya ta taru?

Akwai na'ura mai aika sautin da ke kaɗawa fiye da sau 20,000 a daƙiƙa. Kunnenmu ba ya jinsa, amma da irinsa wasu jemagu ke gane hanya cikin duhu. Sautin kan ratsa tsoka, ya bugi ƙashi ko ƙarfe ya dawo, sai hoto ya fito. Ba ya ratsa ƙarfe, amma yakan tona mugunyar da ke gefensa.

Sai dai ƙurar hunturu kan toshe babbar na'ura, ga zafin bazara, ga ɗaukewar wuta. Ƙarama mai batir, wadda ake haɗawa da wayar hannu, ita ta dace da Tsafe da Bunguɗu. In akwai ma'aikacin da ya iya karanta hoton, mai karaya ya huta da jijjigar mota zuwa Gusau.